Bugun Bayan Katanga

A Tungar Dodo, wani ɗan ƙauye da ke gefen hanyar 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum, an yi lokacin da kunnen mace ya fi idonta aiki. Tun shekarar da gubar dalma ta kwashe yara, matan garin suka koyi rarrabe daka da daka. Gero a turmi muryarsa taushi gare ta. Dawa ta ɗan fi shi kauri. Dutsen zinariya kuwa busasshiyar ƙara gare shi, mai shiga haƙori. Ita ce ƙarar da ta cika gidaje a wancan lokaci, maza na kawo dutse daga rami a buhu, mata na dakawa a turmin da ake dakan fura, yara na rarrafe cikin ƙurar. Ba wanda ya san akwai ajali a cikinta sai da aka fara haƙa ƙananan kaburbura a jere.

Biyu daga cikinsu na gidan Habsu ne. Jikokinta ne, 'ya'yan ɗanta Abdussalam. Ta ukun, Hamida, ta sha da ƙyar bayan makonni a asibiti. Ranar da aka sallame ta, uwarta Lubabatu ba ta ko biyo ta ƙauyen ba, ta wuce da ita gidan iyayenta a Gummi. Abdussalam ya bi iyalinsa, ya kama kabu-kabu a can. Mijin Habsu kuwa ya daɗe a ƙasa. Sai ya zama ɗaki huɗu, mutum ɗaya.

Daga baya aka zo da shebur da baro aka kankare tsakar gidajen garin, aka kwashe ƙasar, aka zubo sabuwa ja daga wani rami da ke bakin hanya. Tsofaffin turame aka tattara aka binne. Dattawa suka zauna a ƙofar masallaci suka yi doka: duk wanda ya sake shigo da dutse cikin gida, ya bar garin.

Da Babbar Sallah Abdussalam ya zo gaisuwa, ya kawo wa uwarsa maganar da ta riƙe ta tun daga ranar.

"Inna, masu aunin guba cikin ƙasa za su komo kahin damina. Surukina ya ce in sunka auna gidanga sunka iske shi lahiya lau, a kawo miki Hamida ki riƙe."

Daga ranar sau biyu Habsu take shara. Takalminta a zaure take barin sa. Ta gyara ɗakin da ke kusa da nata, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta sayi 'yar budurwar kaza mai wake-wake ta ce ta Hamida ce. Da yamma takan zauna tana yi wa kazar hira, tana gaya mata cewa uwar ɗakinta na nan tafe.

Ana cikin haka, da bazara ta kama, aka sauke baƙi a gidan da ke manne da nata. Masu gidan sun ƙaura Anka tun bayan annobar, sun bar mabuɗi a hannun mai unguwa Magaji, shi kuma ya ba da haya. Mijin sunansa Sharu, mutumin gabas ne, daga cikin masu zuwa haƙar zinariya a daji. Matar kuwa Habsu ba ta gan ta ba sai kwana na uku, da ta yi sallama a tsakar gidanta da hantsi.

Doguwa ce, siririya, cikin wani zurmemen hijabi da ya sauko har gwiwa. Ba fuskarta Habsu ta fara duba ba, ƙafafunta ta duba. Jar ƙura ce a kansu har idon sawu, kuma ga ta tsaye a kan ƙasar da aka share tun asuba. Hannun da ta fito da shi daga hijabi, farcen ya rine, tafin ya yi kanta.

"Ina kwana, Inna. Ni ce baƙuwarku, sunana Maimunatu."

"Lahiya lau," in ji Habsu. Ba ta miƙa tabarma ba.

"Inna, alfarma na zo nema. Ko kina da wani tsohon turmi, wanda ba a dakan abinci a ciki?"

Tsohon turmi, wanda ba na abinci ba. Habsu ta san abu ɗaya da ake yi da irin sa.

"Babu."

"To. Na kuma so in tambaye ki, matan unguwar nan, idan mutum yana so su..."

"Matan unguwagga kowa na hwama da gidanta. Ina da aiki, yarinya."

Maimunatu ta ɗan tsaya, ta sunkuyar da kai, ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta fita. Habsu ta ɗauko tsintsiya da abin kwasar shara, ta bi sawunta ɗaya bayan ɗaya har zaure, ta kankare, ta kai bayan gari.

Akwai wata kafa a katangar da ta raba gidajen biyu, daidai ƙirjin mutum. Shekara ashirin ta nan Habsu da tsohuwar maƙwabciyarta suke miƙa wa juna wuta da gishiri da labari. A yammacin ranar Habsu ta kwaɓa laka ta toshe ta.

Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda ya faɗi haka bai yi lissafin mai tambayar ba. Sau da yawa mutum yakan zo da amsarsa a aljihu, fuskar shaida kawai yake nema ta sa hannu.

Kwana biyu bayan nan Habsu na zaure ta ga Sharu ya tsaya da babur a ƙofar gidansa, da buhu biyu a baya. Yadda ya sauke su, yadda suka faɗi ƙasa tim ba su mirgina ba, ba hatsi ba ne. Washegari ya ƙaro biyu. Ya kuma samo turmi a wani wuri, wani mai tsagaggen baki. Sannan ƙarar ta fara.

Da farko irin wadda ta sani ce, ƙaras, ƙaras, dutse ƙarƙashin taɓarya. Ta yi kwana uku. Daga nan ta sauya, ta koma wani bugu mai nauyi, dim, dim, dim, daga cikin ɗaki, tun bayan mijin ya fita har azahar, a huta, a dasa bayan la'asar. Habsu ta ce a ranta: ta gane ana jin ta, ta shige ɗaki, ta naɗe dutsen a buhu tana bugu don ƙarar ta mutu. Sai kuma ga wani ruwa ja-ja baƙi-baƙi ya fara gangarowa ta rariyar gidan zuwa lungu. Ruwan wankin dutse ke nan, in ji zuciyarta.

Wanda ke zaune shi kaɗai ba ya rasa abokin hira, kansa ne, kuma kai ba ya musu. Habsu takan zauna a gindin katanga da tsinken tsifa a hannu, tana saurare, tana saƙa matar zare-zare. Ta yi mata gari, wani gari mai hayaniya inda ba a san maƙwabci ba. Ta yi mata uwa mai son abin duniya. Ta yanke cewa ba ta taɓa haihuwa ba, don wadda ta san zafin naƙuda ba za ta daka dutse a garin da aka binne yara ba. Ta ga awarwaron da matar ke mafarkin sawa. Har dariyarta ta ji, wadda take yi wa ƙauyawa in mijin ya dawo, alhali tun zuwan matar ba a taɓa jin dariya a gidan ba. In bugun ya tsaya, Habsu takan ɗaga kai ta jira, gidan ya yi mata wani irin shiru, sai ya dawo sannan ta ci gaba da tsifa. Ba ta taɓa lura cewa rabon da ta san motsin wani mahaluki haka ba tun tafiyar jikokinta.

Ran nan da magariba ta kusa, aka turo ƙwarya ta ƙarƙashin ƙyauren zaure. Dambu ne da zogale, da man gyaɗa, yana tururi, daga gidan baƙuwar. Habsu ta daɗe ba ta ci girkin wani hannu ba. Ta tsaya a kansa har yawunta ya tsinke. Sannan ta haƙa rami a bayan gida ta juye, ta binne sosai don kada kazar Hamida ta tona. Ƙwaryar ta tura ta waje da ƙafa.

Da safe ta tafi famfo. Can ta iske Amariya, wata sa'arta mai ƙiba da baki, wadda aka kawo garin tana amarya shekara arba'in da suka wuce, sunan ya ƙi barin ta.

"Ke Habsu, mi as same ki? Kin rame awa kazar mayu."

"Ke dai da ba ki rame ba, mi kinka tsinana?"

"Na tsinana kwana! Ke ko idonki ya hwaɗa. Ko tsohon Magaji na yah hana ki barci? Na ga shina yawan bi ta ƙoharki."

"Allah shi tsare ni da ragowar tsohuwa irinki. Matso ki jiya."

Ta gaya mata. Buhuna, turmi, ƙara, ruwan rariya, jan hannu. Amariya ta sauke bokitinta. Ita ma ta binne jika ɗaya, wasan ya bar fuskarta nan take.

"Kin gani da idonki?"

"Ina da kunne, Amariya. Wagga ƙara ko cikin kabari nike na san ta."

"To mi kike jira? Masu auni saura kwana nawa? Iska ɗaya za ta ɗebo ƙuran ta zuba miki tsakar gida. Ki tahi wurin Magaji yau, in ba ki tahi ni in tahi."

Kafin Habsu ta kai gida da ruwanta, matan famfo sun ji. Kafin azahar, an ji a bakin masallaci. Ranar kuwa jajibirin kasuwar Bukkuyum ce.

Magaji ya kira ta zaurensa bayan la'asar. Dattijo ne mai sanyin magana, ba ya son rigima, kuma kuɗin hayar ta hannunsa ke bi, don haka ya fi kowa tsoron a ce ya rufe ido.

"Habsu, magana wagga babba ta. Korar mutum da iyalinai ba wasa ba ta. Ji kinka yi, ko gani?"

Habsu ta tuna ɗakin da ta gyara, da tabarmar da ba a taɓa kwanciya a kai ba. Ai ta ga buhu. Ta ga ruwa. Ta ga hannu.

"Na gani," in ji ta.

Aka kira Sharu bayan sallar Juma'a, gaban dattawa. Ya rantse da Allah ba dutsen zinariya ba ne, tsakuwa ce ya ɗebo wa matarsa a ramin bakin hanya, tana gyaran ɗaki. Wani ya ce wane irin gyaran ɗaki ne ake yi da taɓarya, siminti ya ƙare a kasuwa ne? Aka yi dariya marar daɗi. Sharu ya ruga gida ya dawo da tsakuwa cike da tafinsa. Aka ce ai ya kawo wadda yake so a gani. Ya ce to a shiga a duba.

Namiji ba ya shiga gidan matar aure, ko da mijin ne ya ce bismilla, balle a taru a shiga kamar an zo kamun ɓarawo. Aikin mata ne. Aka aika cikin gidaje a samo mace biyu su leƙa. Babu wadda ta yarda. Mai goyo ta ce goyonta, mai jika ta ce jikanta, wa zai kwaso ƙurar a zanensa ya kai gida? Aka ce Habsu fa? Aka ce ai Habsu ta riga ta gani.

"Ku jira masu awon, saura mako biyu," in ji Sharu. "Na'urarsu ba ta san ɗan gari ba, ba ta san baƙo ba."

"Wancan karon ma jira munka yi," in ji wani dattijo da ya binne uku. Aka ba Sharu kwana uku ya bar garin.

A kwana ukun nan bugun bai tsaya ba. Ƙaruwa ma ya yi, tun fitowar rana har faɗuwarta, kamar mai tsere da wani abu. Habsu ta ce wa kazar Hamida, "Kin jiya? Ko kunya babu. So take ta gama kahin a kore su."

Safiyar tafiya wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya a lungu. Habsu na ɗaki ta ji sallama a tsakar gidanta, muryar nan ta gabas.

"Salamu alaikum. Inna?"

Ta lafe a kan gado, ta riƙe numfashi.

"Salamu alaikum. Inna, tafiya za mu yi, na zo sallama."

Shiru.

"Salamu alaikum." Aka ɗan jima. "To Inna, a yafe mu. In na yi miki wani abu ban sani ba, ki yafe ni."

Ta leƙa ta tsagar ƙyaure lokacin da matar ta juya. Iska ta manna mata hijabin a jiki, sai ga ciki, ya kai wata bakwai. Kuma takalmanta a hannu suke, a zaure ta tuɓe su. Habsu ta yi maza ta kawar da kai. Da ciki ma tana dakan dutse, ta ce, Allah wadan son zinariya. Motar ta tashi. Lungun ya koma yadda yake, ko ya fi.

Masu aunin suka zo ranar Talata ta biyu, maza biyu da wata budurwa 'yar Gusau mai farin gilashi, riƙe da na'ura kamar dutsen guga. Suka dangwala ta a tsakar gidan Habsu, da bakin murhu, da ɗakin Hamida, da gindin katanga. Budurwar ta rubuta a takarda ta miƙa mata.

"Inna, gidanki lafiya lau. Ko'ina a garin nan da haka yake, da mun huta."

Habsu ta karɓi takardar da hannu biyu. Ta yi a kan lokaci, ta tsare gidanta.

Magaji ya ce a auna gidan da aka kori baƙin, a san irin kwasar da za a yi. Yanzu babu matar aure a ciki, kowa na iya shiga, amma mutane a ƙofa suka tsaya. Habsu ce ta bi bayan budurwar, ta toshe hanci da gefen mayafi, don tana so ta ga abin da ta riga ta ce ta gani.

Tsakar gidan a share take. Ga turmin mai tsagaggen baki a kife. Ga ragowar buhu ɗaya, an buɗe bakinsa, jar tsakuwa ce ta marmara, irin ta ramin da aka ɗebo ƙasar da ke shimfiɗe a gidan Habsu. Na'urar ta taɓa turmi, ta taɓa buhu, ta taɓa bakin rariya. Budurwar ta ɗaga kafaɗa.

"Babu komai a nan."

Ta tura ƙyauren ɗakin. Kafin idon Habsu ya saba da duhun, ƙamshin ya riga shi, ya ratsa mayafin. Ɗaci-ɗaci, sanyi-sanyi, kamar ƙasa bayan ruwan farko. Rabonta da shi shekara talatin da wani abu, amma ta san shi kamar sunanta. Makuba ce, ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a tukunya. Ga tukunyar can a lungu, da sauran ruwan a ciki, ja-ja baƙi-baƙi.

Ƙasan ɗakin na sheƙi. Ja ne mai duhu kamar hanta, sumul, ba tsaga, ba ƙura ko ta shafa wa ido. Kusurwa ɗaya ce kawai ta rage, wajen faɗin tabarma, tsakuwar na zube ba a buga ba. A jikin bango an jingine wani ɗan katako mai lanƙwasa, mariƙinsa ya yi santsi da gumi.

"Kai, Inna, wannan wane irin siminti ne?" in ji budurwar, tana shafa ƙasan da tafinta.

Habsu ta sauke mayafin daga hanci. "Ba siminti ba na. Daɓe na."

"Daɓe?"

"Tsakuwa aka zubawa, a yayyahwa ruwa, a buge ta da wancan icce, madaɓi. A sa makuba, a sake bugu. In ya kamu, yaro na rarrahe bisa shi shekara goma bai ci ƙasa ba."

Sai ta ji abin da bakinta ya faɗa.

Ai ta san daɓe. Ranar da aka yi na ɗakin aurenta, mata ashirin ne a durƙushe a jere, madaɓai na sauka tare kamar ganga, zabiya na bayarwa ana amsawa, ana zolayar uwar miji, ana dama fura a babbar ƙwarya. Daɓe biki ne. Gayya ake yi masa, tun daga bakin gari ake jin waƙarsa. Shi ya sa duk tsofaffin garin, da suka sha yin sa da hannunsu kafin siminti ya zo, babu wadda ta gane shi. Ba su taɓa jin madaɓi ɗaya ba. Ba su taɓa jin sa babu waƙa ba. Wa zai yi daɓe shi kaɗai, in ba wanda ya je neman mata aka ce masa kowa na fama da gidanta ba?

An ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ana faɗin haka don a tausaya wa mai gudun, kuma ya cancanta. Tsumman da aka rufe da duka ne ba a taɓa jin an tambayi lafiyarsa ba.

Habsu ta fito ta gaya wa Magaji a gaban mutane cewa daɓe ne, kuma ita ji ta yi ba gani ba, ba ta rage komai ba. Magaji ya yi salati, ya ce a nemo inda suka koma. Wani ya ce Bagega, wani ya ce sun tsallaka ƙasar Neja. Masu haƙar zinariya ba sa barin adireshi. Amariya ta ce, "To ai ke kinka ce kin gani," ta ja bokitinta ta wuce.

Abdussalam ya zo ranar Asabar. Tun daga nesa Habsu ta ji babur, ta fito zaure tana gyara ɗaurin zane, takardar na ƙulle a bakin mayafinta. Ta duba gabansa, kan tanki, inda ake zaunar da yara. Ta duba bayansa. Buhun shinkafa ne rabi.

Ya gaishe ta, ya sha ruwa, yana ta kallon ƙasa.

"Ina yarinya?"

"Inna, labari ya kai Gummi. 'Yan kasuwar Bukkuyum sunka kai shi. An ce an koma dakan dutse Tungar Dodo, kuma gidan da ad dab da naki. Lubabatu kwana tay yi tana kuka. Surukina ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe, ba a kai yarinya."

"Ƙarya ta! Ba dutse ba na. An auna, ga takarda. Karanta ka gani."

Ya karɓa, ya duba, ya juya bayanta.

"Na yarda, Inna. Ni ma hakanan nic ce musu, magana ta mutane, wa yag gani? Sai anka ce min ai tsohuwarka ta, ita tag gani da idonta. Gaban mai unguwa tah hwaɗi." Ya ɗago. "Nic ce in Inna ta ce ta gani, to ta gani. Ban iya musu ba."

Kazar Hamida ta zo tana tsattsagar ƙasa a tsakaninsu. Habsu ta bi ta da ido.

"Ka kai musu takardar."

"Ina kai musu. Amma za su ce wace maganar taki za su kama, ta jiya ko ta yau? Ki bari damina ta wuce, hankali shi kwanta, mu sake magana."

Ya kwana ɗaya ya koma. Ta tsaya a ƙofa har ƙarar babur ɗin ta narke a hanya.

Gari ya yi ta haɗa hadari yana warwarewa. Ranar Litinin Habsu ta je ta karɓi mabuɗi a wurin Magaji, bai tambaye ta dalili ba. Ta shiga gidan ta tuɓe takalmi a zaure. Ta ɗebo ruwa ta yayyafa a kusurwar da ta rage, ta baje tsakuwar da tafin hannu, ta tsoma tsintsiya a tukunyar makuba ta yarfa. Sannan ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara, ta ɗauki madaɓin. Mariƙin ya zauna a hannunta kamar don ita aka sassaƙa.

Dim. Dim. Dim.

Haka yake ashe daga ciki. Bugu goma kafaɗarta ta fara zafi, ta tuna mai ciki wata bakwai da ta yi ɗaki guda. Ta ji motsi a lungu, wasu sun tsaya, ana ƙus-ƙus. Ta san abin da kunnuwansu ke gaya musu. Sai ta gyara murya, wadda ta daɗe ba ta ɗaga ba sai ga kaza, ta jawo waƙar da aka yi a ɗakin aurenta, baitin farko, wanda zabiya ke bayarwa. Muryar ta fito a tsage, amma ta fito, ta haye katanga.

Ta kai ƙarshen baitin ta dakata, ta bar gurbin amshi, madaɓin na sama.

A lungu an yi shiru. Can nesa wata akuya ta yi kuka.

Habsu ta sauke madaɓin, ta ba da baiti na biyu.